Gidan Umma na Ƙasa: Yadda Aikin ke Tafiya

9 ga Nuwamba

Yau na kafa turaku huɗu na ja igiya: mita 7 a tsawo, mita 5 da rabi a faɗi. Muna tsaye a tsakiya muna dubawa sai ƙanena ya ce, "Yaya, wannan ai ko falon wasu bai kai ba." Gaskiyarsa. Sai dai Umma ita kaɗai ce da jikarta guda da ke kwana wurinta, kuma abin da ta roƙa uku ne kacal: ɗakin da barci zai ɗauke ta a ciki lokacin bazara, inuwar da za ta zauna da rana, da banɗaki kusa saboda ciwon gwiwa.

Ɗakin da take ciki yanzu bulon siminti ne da rufin kwano, ba silin. Daga azahar har tsakar dare turiri yake yi. Na sha iske ta ƙarfe ɗaya na dare a waje kan tabarma tana fifita, sauro na cizonta, don ciki ba ya shiguwa. Shi ya sa na ɗaura niyyar yi mata na ƙasa, kuma zan riƙa rubuta abin da ya gudana, mai daɗi da marar daɗi.

Ɗakin kwana ɗaya, ɗan ɗakin zama, banɗaki, sai baranda a waje ta gefen kudu. Dogayen bangwayen za su fuskanci kudu da arewa, gajerun su kalli gabas da yamma. Ranar hantsi da ta la'asar a kwance take zuwa ta doki bango kai tsaye, babu rufin da zai tare ta, don haka gara ta samu bango gajere marar taga. Ta tsakiyar rana kuwa daga sama take, bakin rufi ya ishe ta.

Akwai wani dalilin kuma da ke raina. Sarrafa siminti kaɗai na fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke saki duk shekara, saboda ana gasa dutse a wutar da ta kai digiri 1,450, kuma dutsen kansa yana fitar da iskar yayin gasawa. Ƙasar da zan yi gini da ita ga ta ƙarƙashin ƙafata, ba ruwanta da wuta.

17 ga Nuwamba

Na samu magini. Dattijo ne da ya haura sittin, tafin hannunsa duk kanta. Ban gama bayani ba ya durƙusa ya ɗebi ƙasa, ya ɗiga mata ruwa, ya murza tsakanin yatsu, ya ɗan ɗora a haƙori.

"Baba, me kuka gani?"

"Ɗana, ƙasarka na da ƙarfi, ƙarfin ma ya yi yawa. In ka gina ta haka, kafin ta bushe ta tsattsage."

Na so in gani da idona, sai na yi gwajin kwalba. Mun kwashe ƙasar sama wajen rabin mita muka tara gefe. Wannan baƙar ƙasa ta shuka ce, cike take da saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye, ba a gini da ita, ita ce ma gara ke bi. Daga ta ƙarƙashi na cika sulusin kwalba, na ƙara ruwa, na girgiza da kyau na ajiye. Cikin minti ɗaya tsakuwa da yashi sun kwanta. Bayan awa biyu lallausar ƙasa ta hau kansu. Yumɓu kuwa sai da ya kwana biyu kafin ruwan ya washe. Na sa rula na auna: yumɓun ya kusa kashi 40 cikin 100. Bulon da za a matse ba ya son fiye da kamar rabin haka.

A gini, yumɓu shi ne ɗanko, yashi shi ne ƙashi. Yumɓu na kumbura in ya sha ruwa, ya tsuke in ya bushe, yashi kuwa ba ya motsi. In ɗankon ya rinjayi ƙashin, bango ya yi ta ja da baki har ya dare. Abin da Baba ya gane da haƙori cikin minti ɗaya, ni sai da na yi kwana biyu da kwalba, amma yanzu na san adadi, kuma da adadin zan auna yashin da za a ƙara.

Kafinta ya haɗa mini sirarun akwatuna uku, tsawon kowanne santimita 60. Na shafe cikinsu da mai, na cika na farko da ƙasarmu zalla, na biyu awo biyu na ƙasa da ɗaya na yashi, na uku rabi da rabi. Suna inuwa suna bushewa.

24 ga Nuwamba

Na farko ya ja baya kusan santimita 4 daga bakin akwati, ya tsage wuri uku. Na biyu santimita 2, tsaga ɗaya. Na uku bai kai santimita guda ba, kuma lumui yake. Rabi da rabi ke nan. Ma'anarsa sai an kawo yashi da mota, abin da na so in kauce wa tun farko. Ba yadda zan yi, ƙasar ce ta yanke hukunci.

6 ga Disamba

An fara buga bulo. Mun samu aron injin matsewa na hannu, irin wanda ake kira CINVA-Ram, wanda wani injiniya ɗan ƙasar Chile, Raúl Ramírez, ya ƙirƙiro a birnin Bogota na Kolombiya a shekarun 1950. Akwatin ƙarfe ne kawai da dogon hannu. A zuba ƙasa, a rufe, mutum ya rataya a hannun ya danno shi ƙasa, a buɗe, bulo ya taso da gefunansa masu kaifi kamar an yanka da wuƙa. Tsawonsa santimita 29, faɗi 14, kauri 9, nauyi kilo 7. Ba mai, ba lantarki.

Lissafina bulo 4,800 ne, amma za mu buga 5,200 saboda masu fashewa. Mu huɗu ne: ɗaya na tankaɗe, ɗaya na kwaɓi, ɗaya na jan hannu, ɗaya na ɗauka. In mun yi sammako muna fitar da 300 kafin rana ta yi zafi.

Sirrin aikin duka a ruwan kwaɓi yake. Ba laka ake so ba, danshi kawai ake so. Gwajin da muke yi kafin kowane kwaɓi: ka dunƙule ƙasar a hannu, ka sake ta daga tsayin ƙirji. In ta warwatse kamar gari, ruwa ya yi kaɗan. In ta faɗi ta lafe guda ɗaya, ya yi yawa. In ta fashe gida huɗu ko biyar, a zuba a inji. Yaron da ke kwaɓi da farko yana ganin ɓata lokaci ne, yanzu shi ke tsayar da mu in bai gamsu ba.

Bulo 2,000 daga ciki za a sa musu siminti kashi 5 cikin 100. Su ne za su zauna a layuka biyar na ƙasa da kuma bangon gabas, inda ruwan sama ke bugowa a filinmu. Buhu ɗaya na isar bulo kamar 140. Sauran 3,200 ƙasa ce da yashi zalla.

14 ga Disamba

Asara ta farko, kuma laifina ne. Bulo mai siminti ba bushewa yake so ba, jiƙa yake so. Siminti na yin ƙarfi ne ta hanyar haɗuwa da ruwa a hankali, shi ya sa ake lulluɓe bulon da leda, a riƙa yayyafa masa ruwa na kwanaki, kuma ba a ɗora shi a gini sai ya cika kwana 28. Na san haka. Amma ledar ta ƙare ranar Laraba na ce a bari sai gobe, busasshiyar iska ta kwana tana kaɗawa, goben ma ban samu zuwa ba. Yau na kama gefen ɗaya da babban yatsa sai ya marmashe. Bulo 280.

Da na ƙasa zalla ne suka lalace, da sai a farfasa a jiƙa a mayar inji, ba abin da ya ɓata sai ƙarfin da aka sa. Waɗannan kuwa siminti ya riga ya mutu a cikinsu. Za mu daddake su mu yi ciko a ƙarƙashin daɓe. Baba bai yi mini faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Ba komai, ɗana, gara yanzu da a ce yana cikin bango."

28 ga Disamba

Mun sare gorar silin. An zaɓi wadda ta shekara uku zuwa biyar, kuma da farkon rani ake sara saboda lokacin zaƙin da ke jikinta ya ragu, shi ne ƙwaro ke bi. Mun huda gaɓoɓin da dogon rodi, muka jiƙa su a ramin da aka shimfiɗa wa leda, cikin ruwan da aka narka gishirin boraks da sinadarin borik, maganin ƙwaro. Za su yi mako biyu a ciki, sannan a jingine su a inuwa su bushe.

19 ga Janairu

Harsashi ya kammala, kuma nan ne na fi kashe lokaci da tunani, domin ginin ƙasa rana ba ta dame shi ba, iska ba ta dame shi ba, ruwa ne abokin gabarsa. Ta hanya uku yake zuwa: daga sama, daga gefe in iska ta koro shi, sai kuma daga ƙasa. Na ƙasan ya fi cuta don ba a ganinsa. Bangon ƙasa na jan danshi sama kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Danshin ya hau, ya bushe a fuskar bango, ya bar gishiri, gishirin ya yi ta cin gindin bangon har ya rarake. Duk tsohon ginin da ka ga gindinsa ya zaizaye ya yi siriri, wannan ne ya ci shi.

A garin Shibam na ƙasar Yaman akwai benayen ƙasa masu hawa biyar har zuwa sama da goma, sun yi ɗaruruwan shekaru a tsaye. Abin da ya girgiza su shi ne ambaliyar 2008, da ruwa ya kai ga gindinsu.

Don haka muka tona zurfin santimita 60 har muka iske ƙasa mai tauri, muka jera dutse da kwaɓin siminti, muka taso da shi santimita 45 sama da doron ƙasa. A kansa aka shafa kwalta aka shimfiɗa leda mai kauri, don danshin da ya hau dutse ya tsaya nan. Baba bai so ledar ba. Ya ce shekara arba'in yana gini bai taɓa sawa ba. Na ce, "Baba, ku yi mini haƙuri da wannan ɗaya." Ya yi murmushi ya shimfiɗa ta da kansa, ya fi ni iya ninke kusurwa.

Tsayin dutsen na da wani amfanin kuma. Gara ba ta iya cin dutse, sai ta gina hanyarta a kansa kafin ta kai bango, kuma wannan hanyar ana ganinta da ido. Zagaye ɗaya a mako ya isa a kama ta.

11 ga Fabrairu

Bango ya kai kafaɗa. Kaurinsa santimita 29, wato bulo a gicciye, kuma da kwaɓin ƙasa iri ɗaya da ta bulon ake ɗaurawa. Ba ma wuce layi takwas zuwa goma a rana, don na ƙasa ya samu ya zauna kafin a ɗora masa nauyi. Kowace taga da ƙofa mun nisanta ta da kusurwa aƙalla mita guda, saboda kusurwa ce ke riƙe gini. Tagogin kudu da na arewa suna kallon juna, iska ta shigo ta nan ta fita ta can.

Jiya na kawo Umma ta gani. Ta daɗe tana shafa bangon ba ta ce komai ba. Can sai ta ce a hankali, "Kar dai mutane su ce ɗana ya kasa yi mini na bulo."

Maganar ta taɓa ni, don na san ba ita kaɗai ke wannan tunanin ba. A wurare da yawa na duniya an mayar da ginin ƙasa alamar rashi, har wanda ya samu hali abu na farko da yake yi shi ne ya rushe ɗaki mai sanyi ya gina mai zafi. Na gaya mata a Faransa akwai cibiya mai suna CRAterre a garin Grenoble da tun 1979 binciken ginin ƙasa ne aikinta, kuma a Jamus tun 2013 akwai ƙa'idojin hukuma na tubalin ƙasa da yaɓensa. Ta saurara, amma na lura ba wannan ne ya kwantar mata da hankali ba. Abin da ya kwantar shi ne da ta zauna kan bulo a inda gadonta zai kasance, ta ce tagar ta yi mata sama, ba ta ganin waje in tana zaune. Nan take Baba ya ce, "Hajiya, sai yadda kika ce," ya sauke layi biyu. Ta kuma nemi alkuki kusa da kan gado, inda za ta ajiye tabarau da magani. Kaurin bangon ya ba da dama, an bar mata biyu. Da za ta tafi sai na ji tana ce wa jikarta "ɗakina".

Na tuna labarin Hassan Fathy, masanin gine-gine na Masar da ya fara gina ƙauyen Sabuwar Gurna kusa da Luksor da tubalin ƙasa a 1946. Gine-ginen sun yi kyau har yau ana zuwa kallo, amma yawancin mutanen da aka gina dominsu ba su yarda sun koma ba, aikin ya tsaya bai kammala ba. Dalilan suna da yawa, sai dai ni abin da na riƙe shi ne a tambayi mai kwana a ɗaki tun ana iya sauke layi biyu.

8 ga Maris

An zuba ɗamarar kankare a saman bango, zagaye ɗaya ba yankewa, kauri santimita 15, da rodi huɗu a ciki. Wani abokina da muke son ginin ƙasa tare ya zo ya gani ransa bai so ba. A ganinsa na ci amanar aikin.

Ga amsar da na ba shi. Ƙasa na jure nauyin da ke danna ta, amma ba ta jure ja. In iska ta fizgi rufi, ko ƙasa ta motsa, bangwaye huɗu kowanne ya kama gabansa, kusurwa ta buɗe, rufi ya rufto. Ɗamarar ce ke haɗa su su zama abu ɗaya. A girgizar ƙasar da ta afka wa birnin Bam na Iran ranar 26 ga Disamba 2003, mutum sama da 26,000 suka rasu, da yawansu a ƙarƙashin rufi masu nauyi da ke zaune kan bangwayen da ba abin da ya ɗaure su. Uwata ce za ta kwana a ɗakin nan. Ba zan ɗora rayuwarta kan son a ce gidana ba ko ɗigon siminti ba.

Na ƙirga duka: buhu 16 a bulo har da waɗanda suka lalace, 15 a harsashi, 9 a ɗamara. Buhu 40, kuma kowanne na san aikin da yake yi.

5 ga Afrilu

Rufi ya hau, kuma ba a fafe gora ranar tafiya, gara da muka gama tun sama na wasai.

Rufin biyu ne. Na ciki silin ne na gorar nan da muka jiƙa, an jera ta kusa da kusa kan azara, aka shimfiɗa tabarma, aka bi da siririn yaɓen ƙasa mai ciyawa da bai wuce santimita 5 ba don kar ya yi nauyi. Na waje kwano ne, amma an ɗaga shi rabin mita sama da silin, kuma an bar tsakanin a buɗe ta kowane gefe, raga kawai aka sa saboda tsuntsu da jemage. Dabarar na gan ta ne a makarantar firamare ta Gando a Burkina Faso, wadda masanin gine-gine Francis Kéré ya gina wa ƙauyensu da bulon ƙasa aka gama a 2001. Ita ta jawo masa kyautar Aga Khan ta gine-gine a 2004, kuma a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker, babbar kyautar masu zana gine-gine ta duniya. Kwano na ɗaukar zafi, wannan ba makawa. Amma in akwai sarari a ƙarƙashinsa, iska ta bi ta kwashe zafin kafin ya sauko ɗaki. Kwanon ya zama laima kawai, ya tare rana ya tare ruwa.

Na yi tunanin jinka, don ta fi komai sanyi. Na fasa saboda gobara, da kuma sanin cewa duk bayan 'yan shekaru sai an sake ta, Umma kuwa ba mai hawa sama ba ce.

Bakin rufin ya fito santimita 90 daga bango ta kowane gefe, ta kudu kuma mita biyu don ya rufe baranda. An ɗaure katakon rufin da ƙarfen da muka binne a cikin ɗamara tun tana ɗanya. Rufi mai fuka-fuki irin wannan iska na son ɗaga shi, ƙusa kaɗai ba ta isa ba.

21 ga Afrilu

Na kwana uku ina zuwa da ma'aunin zafi biyu. Ƙarfe uku na rana, a inuwar waje 41, a cikin ɗaki 33. Na dafa bangon yamma ta waje, hannu ba ya daɗewa. Na zagayo ciki na dafa daidai wurin, sanyi ƙalau.

Amma akwai ɗaya gefen da ya kamata mai niyya ya sani. Bangon ƙasa ba ya kashe zafi, ajiye shi yake yi ya sako daga baya. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare na koma na dafa, cikin ya yi ɗumi, zafin rana ya gama ratsowa. Daren farko tagogi a rufe suke, ciki ya fi waje zafi. Dare na biyu na buɗe su duka tare da ƙananan kafofin da muka bari a saman bango, kafin asuba ɗakin ya huce sarai. Ke nan tsarin zama a ciki shi ne a rufe da rana a buɗe da dare. Dole tagogin su samu ragar sauro da ƙarfe mai ƙwari, yadda tsohuwa za ta bar su a buɗe ta yi barci hankali kwance. Na koma wurin kafinta mun sake zane.

14 ga Mayu

Ruwan farko, shekaranjiya da dare, da iska mai ƙarfi. Ban runtsa ba. Gari na wayewa na isa.

Rufi na nan daram, ciki ko ɗigo babu. Bangon gabas ya jiƙe daga ƙasa har kusan ƙirji, amma bulo mai siminti ya riƙe, yatsa ba ya shiga. A kusurwar kudu maso gabas ruwa ya leƙo ya samu layi uku na bulo marar siminti, ya ɗan wanke fuskarsu, ana ganin tsakuwa a fili. Ba zurfi, yaɓe zai rufe.

Abin da ya tayar mini da hankali yana arewa maso yamma. Ruwa ya taru ya kwanta jikin harsashi, faɗin tabarma biyu, har wajen hantsi bai tafi ba. Na tsaya na bi sawunsa da ido. Tulin baƙar ƙasar da muka kwashe tun Nuwamba shi ya tare masa hanya, ya juyo da shi gindin gida. Wata shida ina kallon tulin nan ban taɓa tambayar kaina ina ruwa zai bi ba. Da ba don dutsen ya tashi santimita 45 ba, da yau wani labarin nake rubutawa.

Jiya da yau mun kwashe tulin muka baza a inda za a yi shuka. Mun yi wa gidan gangare ta kowane gefe, faɗin mita ɗaya da rabi, aka daɓe aka zuba tsakuwa. Tsakuwar na hana ruwan da ke zubowa daga kwano ya fantsamo bango. Muka ja ɗan lambatu zuwa ramin da aka haƙi ƙasar gini, wanda ke nesa da gida mita goma sha biyu. Ramin da na ɗauka matsala ne ya zama wurin da ruwa zai taru ya nitse.

Na kuma yi lissafin da ya kamata in yi tun tuni. Ruwan milimita ɗaya kan murabba'in mita ɗaya lita guda ce. Rufinmu ya haura murabba'in mita 70, ke nan ruwan milimita 20 ya ba da lita 1,400, duk a kusa da gindin bango yake sauka. Za a sa mazurari a bakin kwano da tanki, ruwan ya bar zama barazana ya koma na wanki da ban ruwa.

29 ga Mayu

Yaɓe. Kusan duk wanda ya zo cewa yake a shafe da siminti a huta. Ba zan yi ba. Siminti da ƙasa ba sa motsi tare, ɗaya na da tauri ɗaya na numfashi. Ba a daɗe sai siririyar tsaga ta fito, ruwa ya shiga ta nan, ya rasa hanyar fita saboda simintin ya toshe. Daga waje bango fes, ciki kuwa ya zama laka, wata rana yaɓen ya ɓallo falle guda da rabin bangon a jikinsa.

Farar ƙasa da yashi za mu yi, awo ɗaya da uku. Tana korar ruwan sama amma tana barin danshi ya fita. Ana gasa ta a wajen digiri 900, kuma yayin da take ƙarfi a bango tana sake shan wani ɓangare na iskar kabon da ta fitar.

Buhunan farko da aka sayar mana matattu ne. Gasasshiyar farar ƙasa mai rai in ka zuba ta a ruwa tafasa take yi, tana huci tana tartsatsi, dole mutum ya sa tabarau da safar hannu ya ja baya. Wannan kuwa ta kwanta shiru kamar alli, ta daɗe a ajiye ta sha iska ta gama aikinta a cikin buhu. Mun mayar, mun samo wata. Ita ce yanzu ke cikin durom ƙarƙashin ruwa tana laushi, gwargwadon daɗewarta gwargwadon kyanta.

Ko da haka ban ɗauka an gama da bangon har abada ba. Babban masallacin Jenne a Mali, wanda ginin yanzu na 1907 ne, duk shekara mutanen garin ke fitowa su sake yaɓe shi, kuma itacen giginyar da ke fitowa daga jikinsa shi ne matakalarsu. An gina shi ne da sanin za a dawo a gyara. Ni ma na ajiye bulo 150 da buhun ƙasar da aka tankaɗe a ƙarƙashin baranda saboda wannan ranar.

12 ga Yuni

Shafi na farko ya hau bangon gabas da na kudu. Mun jiƙa bangon tukuna, muka kankare bakin layukan don yaɓen ya samu wurin kamawa, aka shafa siriri, aka rataya jiƙaƙƙun buhuna don kar ya bushe da gaggawa. 'Yan tsage-tsage kamar gashi sun fito a wuri biyu, Baba ya bi su da katako ya murje tun yaɓen na da taushi. Sai ya yi mako kafin a ɗora na biyu.

A ciki yaɓen ƙasa ne zalla, kuma Umma ta zaɓi a bar launinsa. An buga daɓen ɗakin kwana shekaranjiya, har yanzu yatsa na barin alama, ba mai takawa sai ya bushe. Banɗaki ne kaɗai zai samu tayil har tsayin kafaɗa, a kan bulo mai siminti, da bututun da zai fitar da ruwa nesa da harsashi.

Yau Umma ta yini a baranda ita da jikarta, ta yi barcin rana a kan tabarma har la'asar ba ta farka ba, muka rage hayaniya. Kafinta ya ce tagogi ranar Asabar. Mazurari bai iso ba tukuna, kuma hadari na haɗuwa ta gabas tun ɗazu, don haka na bar yara biyu su sauke buhunan su rufe sabon yaɓen da leda kafin magariba.